Saiwar Kalma, Mabuɗin Faransanci da Ingilishi

1. Karatu: Kwalbar Kaka

A wani ƙauye na karkarar Dungas akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Wata rana kawunta ya dawo daga cin kasuwar Maigatari, can ƙetaren iyaka. Ya riƙo wa kakarta kwalbar magani, don ciwon gwiwa ya dame ta tun lokacin ɗari. Tsohuwa ta yi murna, ta sa masa albarka, ta ce a miƙo mata cokali.

Yarinya ta ce, "Kaka, dakata in duba rubutun da ke jikin kwalbar."

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, yaushe kika zama likita? Ko so kike in gurgunce ki ƙwace mini miji?"

Yarinya ta karɓi kwalba ta juya ta. Ta ga layi biyu da jan rubutu. Na sama da Ingilishi yake: For external use only. Na ƙasa da Faransanci: Usage externe. Ta san usage, wato amfani. Amma externe ba ta taɓa gamuwa da ita ba. Ta yi shiru tana tunani. Can sai ta tuna da darasin da malam ya yi musu kan kalmar exporter da kalmar extérieur. Ya ce musu, galibi in kun ga ex a goshin kalma, to ku nemi ma'anar waje. Ta sake duba layin Ingilishi, sai ga ex ɗin nan a can ma.

Ta ce, "Kawu, ina jin wannan na waje ne. Na shafawa ne, ba na sha ba."

Kawu ya ce, "Kin tabbata, ɗiyata?"

Ta ce, "Ban tabbata sarai ba. Mu je mu tambayi malamin asibiti."

Suka je. Malamin asibiti ya duba kwalba ya ce, "Gaskiyar yarinya. Da tsohuwa ta sha wannan, da yanzu wani zance ake." Ya nuna musu yadda ake shafa shi. Da suka komo gida, kaka ta kwance bakin zanenta, ta ba jikarta kuɗin ƙosai.

To, yara, me ya taimaki yarinyar nan? Ba ta haddace kalmar ba. Gutsuren kalmar ta sani, shi ya ja ta zuwa ga ma'ana. Abin da za mu koya ke nan a wannan darasi.

2. Kalma kamar icce take

Ku dubi gawon da ke tsakiyar gona. Yana da rassa da yawa, amma saiwarsa tana ƙarƙashin ƙasa, ita ke ciyar da su duka. Haka kalmomi suke. Ku karanta waɗannan:

noma, manomi, manomiya, manoma, nomau
ƙira, ƙera, maƙeri, maƙera, ƙerarre
karatu, karanta, makaranci, makaranta, karantar

A layi na farko, wane gutsure ne bai sake ba? Nom. Shi ne saiwa. Abin da aka liƙa a gaban saiwa sunansa ɗafa-goshi. Abin da aka liƙa a bayanta sunansa ɗafa-ƙeya. A cikin manomi, ma ɗafa-goshi ne, nom saiwa ce, i kuma ɗafa-ƙeya.

Ɗafa-goshin nan ma aiki uku yake yi a Hausa:

Yana nuna mai aiki: maƙeri, masaƙi, majemi, marini.
Yana nuna wurin aiki: maƙera, majema, marina, mahauta.
Yana nuna kayan aiki: mabuɗi, ma'auni, madubi, magirbi.

Ba wanda ya zaunar da ku ya koya muku wannan. Tun kuna goye kuke jin sa. In wani ya ce muku zai tafi masussuka, ko ba ku taɓa jin kalmar ba kun san wurin sussuka yake nufi. Wannan wayon da kuke da shi a Hausa, shi za mu ɗauka mu shiga da shi cikin sauran harsuna.

3. Larabcin da ke bakinmu

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya taɓa wannan ilimi. A Larabci, saiwa galibi baƙaƙe uku ce. Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, kuma saiwarsu tana nan ba ta ɓace ba.

h-k-m: hukunci, hukuma, hakimi, hikima
ʼ-l-m: ilimi, malami, alama
k-t-b: littafi, daga alkitab

Ku lura da wani abu. Larabawa suna sa al a gaban suna. Da Hausawa suka ari kalmomin, sai suka haɗa da al ɗin duka: alƙalami, allo, albasa, alƙali. Wani lokaci a ta faɗi, l kaɗai ta rage: labari, lokaci, liman, littafi.

Abin da ya sami Larabci shi ya sami Faransanci a bakin mutanen Nijar. An ce l'école, muka ce lakwal. An ce l'impôt, muka ce lampo. An ce la clé, muka ce lakile. Kun ga kunnen Bahaushe bai sake ba: yadda ya yi da baƙon jiya, haka ya yi da baƙon yau.

Kalmomi fatake ne, suna yawo ƙasa ƙasa. Alƙalami daga Larabci muka same shi, Larabawa kuma daga Girkanci, inda kalamos ke nufin kara. Ashe ba banza ba almajiri ke feƙe alƙalaminsa daga kara. Sifiri na Larabci ya shiga Turai, ya haifi chiffre da zéro. Kalmar Larabci ta rumbunan ajiya, makhazin, ta shiga Faransanci ta zama magasin, sa'an nan ta biyo Faransawa ta iso mana, muka ce mangaza.

4. Me ya sa Faransanci da Ingilishi suke kama?

Mu mutanen Magarya da Dungas a bakin iyaka muke. Wanda ya bi ta Tinkim, nan da nan ya isa Babban Mutum. Wanda ya tashi daga Dungas, Maigatari ba nisa. Takardun wannan gefe da Faransanci suke, na wancan gefe da Ingilishi. Buhun taki, kwalin magani, takardar awo, duka sukan zo mana da harsunan nan biyu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 2025 kuma, dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, ta sa Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ke nan ɗan makaranta yana da bukatar duka ukun.

Kada wannan ya ba ku tsoro. Harsunan nan biyu suna ɗiba daga rijiya guda. Ga yadda abin ya faru.

A zamanin da, akwai wata babbar daula ta Rumawa, harshensu Latin. Wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin yaƙinsu Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar da ake kira Faransa yau. Mutanen ƙasar suka koyi Latin. A hankali Latin ya sake a bakinsu, har ya zama Faransanci. Haka ya faru a Italiya da Spaniya da Fotugal.

Ingilishi ba ɗan Latin ba ne, danginsa su ne Jamusanci da harshen Holan. Amma a 1066, Wiliyam mai mulkin Normandi, a arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila. Shekaru da yawa bayan haka, Faransanci ake yi a fada da gidan shari'a. Kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, kamar yadda na Larabci suka kwarara cikin Hausa. Masu ilimi na ƙasashen biyu kuma, in suna son suna ga sabon abu, Latin da Girkanci suke komawa su ɗebo. Shi ya sa in ka san saiwa ɗaya, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

5. Saiwoyi biyar na Latin

Port: ɗauka
porter: ɗauka
apporter: kawo
emporter: tafi da abu
transporter: ɗauke daga wuri zuwa wuri
exporter: fitar da kaya waje
importer: shigo da kaya ciki

Bajimin da aka kora daga kasuwar Dungas zuwa Najeriya, exportation ke nan. Atamfar da aka shigo da ita daga Kano, importation ke nan. A Ingilishi ana cewa export, import, transport. Rubutu kusan ɗaya, faɗi ne ya bambanta.

Terr: ƙasa
terre: ƙasa
terrain: fili
territoire: yankin ƙasa
enterrer: binne
déterrer: tono
souterrain: na ƙarƙashin ƙasa
atterrir: sauka ƙasa, kamar jirgin sama

Dankalin Turawa sunansa pomme de terre, wato ɗan iccen cikin ƙasa. Tekun Bahar Rum sunansa Méditerranée, wato wanda ke tsakiyar ƙasashe.

Tract: ja
tracteur: tarakta, mai jan garma
traction animale: noma da garmar shanu
extraction: jawo abu waje, kamar matsar man gyaɗa
soustraction: ɗebewa, wato janye wani abu daga cikin lissafi

Man: hannu
main: hannu
manche: hannun riga, ko ƙotar gatari
travail manuel: aikin hannu
manœuvre: lebura, mai aiki da hannu

Scri: rubutu
inscrire: rubuta suna cikin rajista
décrire: bayyana kamannin abu
manuscrit: rubutun hannu

Ku dubi ta ƙarshe da kyau. Saiwa biyu ce aka haɗa, man da scri. Littattafan ajami da malamanmu suka rubuta da tawada da alƙalamin kara, su ne manuscrits. A Ingilishi, manuscript.

6. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Ga ɗafa-goshi shida da za ku riƙa gamuwa da su kullum, a harsunan biyu:

ex: waje. Misali: externe, extérieur.
in ko im: ciki. Misali: importer, injection.
re ko ré: sake. Misali: relire, refaire, réviser.
pré: kafin. Misali: prénom, préparer, prévenir.
trans: ƙetare. Misali: transporter, transmettre.
anti: mai gaba da abu. Misali: antivenin, maganin dafi.

A kwalin magani da na madara kukan ga haruffa uku, EXP, da kwanan wata a gefe. Gajeren expiration ne, ko expiry da Ingilishi. Ex ɗin nan ne kuma, da saiwar spir, numfashi. Wato ranar da numfashin maganin zai fita. In ranar ta wuce, kada a sha.

Ɗafa-ƙeya kuwa, abin mamaki, ayyukan nan uku na ma ɗinmu suke yi:

Mai aiki, eur: porteur, maɗauki, chasseur, maharbi, cultivateur, manomi. A Ingilishi er ne: farmer, teacher, driver. Daga ta ƙarshe muka sami direba.
Wurin aiki, erie ko oir: boucherie, wurin sayar da nama, abattoir, mayanka, abreuvoir, mashaya.
Kayan aiki, oir: arrosoir, abin ban ruwa; miroir, madubi.

Miroir daga mirer take, wato duba. Madubi daga duba yake. Bafaranshe da Bahaushe ba su yi shawara ba, amma hanya ɗaya suka bi.

Akwai kuma tion, wadda ke mai da aikatau suna. Kalmomin da suka ƙare da ita sau da yawa rubutunsu ɗaya ne a Faransanci da Ingilishi: nation, addition, population, vaccination. Ta ƙarshe tana da labari. Saiwarta vacca, saniya da Latin, uwar kalmar vache. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cutar shanu ya sa wa wani yaro, sai yaron ya tsira daga agana. Daga nan allurar rigakafi ta sami suna. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya, amma saniya tana nan ɓoye cikin kalmar.

7. Saiwoyin Girkanci da na ƙidaya

Darasin kimiyya da na labarin ƙasa cike suke da Girkanci. Ku riƙe waɗannan:

télé: nesa
phone: murya
graphe: rubutu ko zane
géo: ƙasa
bio: rai
thermo: zafi
mètre: awo
kilo: dubu

Yanzu ku haɗa da kanku. Télé da phone: murya daga nesa, shi ne tarho. Géo da graphie: zanen ƙasa. Thermo da mètre: ma'aunin zafi, wanda malamin asibiti ke sa wa mai zazzaɓi a hammata. Kilo da mètre: mita dubu. Daga Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne, wato mita 90.000. Cent kuwa ɗari ne, daga Latin: santimita ɗari ke yin mita guda.

Ga wata ƴar wasa ƙwaƙwalwa. A Latin septem bakwai ne, octo takwas, novem tara, decem goma. To, don me Satumba ya zama wata na 9, Disamba na 12? Amsa: tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa. Ku ƙirga da yatsa daga Maris, za ku ga Satumba ya faɗa na bakwai daidai. An sake mafarin shekara, sunaye suka zauna yadda suke.

8. Harafin da ya ɓuya

Wani lokaci saiwa takan sake kama, sai mai lura ke gane ta. Ga dabara biyu.

Ta farko: ƴar hular nan da ake ɗora wa wasali a Faransanci, sau da yawa alama ce ta harafin s da ya faɗi tun da daɗewa. Ingilishi ya ari kalmomin tun s ɗin bai faɗi ba, shi ya sa ya riƙe shi.

forêt, forest: daji
fête, feast: biki
bête, beast: dabba
hôpital, hospital: asibiti

Ku ji yadda muke faɗin asibiti. S ɗin yana nan. Wannan ya nuna mana daga Ingilishi kalmar ta zo, ba daga Faransanci ba.

Ta biyu: é a farkon kalmar Faransanci takan zama s a Ingilishi.

école, school: makaranta
étudiant, student: ɗalibi
état, state: ƙasa ko jiha
étranger, stranger: baƙo

9. Kama da wane ba ta wane

Hattara! Saiwa jagora ce, amma jagora ma yakan ɓata hanya. A Hausa ba kowane ma ne ɗafa-goshi ba. Madara ba wurin dara ba ce. Mage ba mai wani aiki ba ce da ake kira ge. Haka abin yake a can.

Dent haƙori ne. Daga gare shi aka sami dentiste, likitan haƙori, da dentifrice, man goge haƙora. Amma accident ba ruwansa da haƙori. Saiwarsa daban ce, tana nufin faɗuwa.

In ma iri biyu ne. Akwai na ciki, kamar a importer. Akwai na korewa, kamar a impossible, abin da ba shi yiwuwa, da inconnu, wanda ba a sani ba. In kun ga in, ku gwada ma'ana biyun, ku ga wadda ta zauna da jimla.

Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, ma'ana kuwa ko kusa. Pain burodi ne a Faransanci, a Ingilishi ciwo. Sale mai dauɗa ne a Faransanci, a Ingilishi sayarwa. Librairie kantin littattafai ne, library kuwa ɗakin karatu ne, inda ake aro ba saye ba.

Don haka ku yi koyi da yarinyar Dungas. Saiwa ta ba ta zato, ba ta tsaya nan ba, ta je ta tambaya. Tambaya mabuɗin ilimi. A kan magani da maganin ƙwari da takardar hukuma, kada ku tsaya kan zato ko kaɗan.

10. Mu riƙe

In kun gamu da baƙuwar kalma, ku bi matakai huɗu:

Ɗaya: ku yanka ta, ku ware goshi da saiwa da ƙeya.
Biyu: ku nemi ƴan'uwanta da kuka sani.
Uku: ku gwada ma'anar cikin jimla, ku ga ko ta zauna.
Huɗu: ku tabbatar a ƙamus ko wurin malam.

11. Tambayoyi

a. Me aka rubuta a jikin kwalbar kaka? Wane gutsure ne ya taimaki yarinya?
b. Don me yarinya ta ce a je wurin malamin asibiti?
c. Ku faɗi ayyuka uku na ɗafa-goshin ma, da misali biyu biyu waɗanda ba su cikin darasi.
d. Me ya faru a 1066? Me ya jawo wa harshen Ingilishi?
e. Ta yaya muka gane asibiti daga Ingilishi ta zo?

12. Aiki

a. Ku yanka waɗannan kalmomi, ku faɗi ma'anar kowane gutsure: masaƙa, mahaukaci, transporteur, réinscription, télégraphe, préhistoire.
b. Ku raba waɗannan gida biyu, in na ciki da in na korewa: injuste, inscrire, inutile, injection, invisible, importer.
c. Ku mai da waɗannan Ingilishi ta hanyar dabarar harafin da ya ɓuya: mât, éponge, étable, hôte.
d. Kowa ya zana icce a kayensa. Ya rubuta port a saiwa, ya rubuta kalma ɗaya a kan kowane reshe. Wanda iccensa ya fi rassa shi ya ci.
e. Aikin gida: ku nemo kwali ko buhu ko gwangwani mai rubutu. Ku kwafo kalmomi biyar da ba ku sani ba, ku zo da su aji gobe mu tono saiwarsu tare.